KITSON SALLA DA GASHIN GOSHIN 'YA'YANMU

Ga Salla ta matso, kowane gida an shiga ɗinki da wanki da guga. Wanda duk ya bi ta lungunan Aboabo ko Asawase ko Yalwa a cikin kwanakin nan, ba zai rasa ganin abin da mu ke gani kowace shekara ba, watau makitsiya zaune bisa 'yar kujera, yarinya a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ga kibiya da mataji da kwalbar mai a gefe, ga waɗansu yara huɗu ko biyar suna jiran a zo kansu. Yarinya tana kuka, uwa tana cewa, "Yi mini shiru, ke ba ki son ki yi kyau ran Salla?" In an gama sai ka ga girarta ta ɗage sama, fatar goshi tana ƙyalli kamar an ɗaure ganga, dare ya yi ta kasa sa kai bisa matashi. Kowa ya gani sai ya yaba, a ce kitso ya kamu, wannan zai kai wata biyu.

Abin da ya sa muka ɗauko maganan nan shi ne wani biki da aka yi a unguwarmu kwanan baya. Da aka zaunar da amarya za a yi mata kitson amarci, aka cire ɗankwali, sai makitsiya ta rasa abin da za ta kama tun daga saman kunne har kusurwar goshi, dama da hagu. Wurin ya yi sumul kamar tafin hannu. Aka yi dabara aka shafe shi da baƙin abu don kada dangin ango su lura. Kakarta ta ce gado ne, wata ta ce an yi mata sammu, wata kuwa ta ce a nemo man kaza daga kasuwar Kejetia. Mu kuwa a gabanmu yarinyan nan ta girma, mun san ta tun tana da gashi har kusa da gira, mun kuma san irin kitson da a ke yi mata tun tana 'yar shekara uku.

Sabo da haka muka ga ya kamata mu tattaro abin da likitocin fata da masana suka gano game da gashi irin namu, mu kawo muku shi da harshenmu, don uwa da makitsiya da uba mai biyan kuɗin kitso kowa ya san abin da ya ke yi.

Yadda gashi ya ke

Gashin da mu ke gani a waje ba shi da rai, shi ya sa almakashi ba ya fid da jini daga gare shi. An yi shi da wani abu mai tauri da masana ke kira keratin, wanda da shi aka yi farce da kofaton doki da ƙahon rago. Mai rai ita ce saiwa, wadda ke cikin wani ɗan rami a fata, jini yana kai mata abinci. A kan mutum ɗaya akwai irin ramukan nan wajen 100,000, kuma da su a ke haifarsa, ba ya samun ƙari daga baya. Wannan ita ce maganar da mu ke so a riƙe ko da an manta sauran: ramin da ya mutu ya toshe, babu man da zai tona wani a madadinsa.

In an sa sili ɗaya a madubin likita, za a ga bayansa lulluɓe da 'yan ɓawo da suka hau kan juna kamar na kifi. Daga ciki kuwa akwai zaruruwa kamar igiyar rama da aka tufka, nan ƙarfin gashi ya ke, nan kuma baƙinsa ya ke. Muddin ɓawon nan yana kwance, gashi ya kan yi sheƙi ya riƙe danshi. In ya tashi ko ya gutsure, sai gashi ya bushe ya riƙa sarƙewa da ɗan'uwansa.

Kowace saiwa tana da lokacin aiki da lokacin hutu. Ta kan yi shekara 2 zuwa 6 tana tsiro, sa'an nan ta tsaya kamar mako 2 ko 3, ta huta wajen wata 3, kana tsohon sili ya faɗi sabo ya fito daga ramin. Don haka mai lafiya ma ya kan zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Matar da ta bar kitso kwana 30, duk abin da ya faɗi a cikin kwanakin nan yana maƙale cikin kitson, ran tsifa kuwa za ta ga curi guda, sili 1,500 ko fiye. Wannan ba abin tsoro ba ne. Sai dai ta duba da kyau. Silin da ya faɗi don kansa dogo ne, yana da ɗan farin ɗigo a gindi. Wanda ya karye kuwa guntu ne, ba ɗigo. In guntaye suka fi yawa bisa zane, to, akwai ɓarna.

Gashinmu da na sauran mutane

Mun saba cewa gashinmu yana da tauri, sai an nuna masa ƙarfi. Abin da madubin likita ya nuna ya saɓa wa wannan. Ramin saiwarmu lanƙwasasshe ne, sabo da haka sili a murɗe ya ke fitowa. In an yanka sili aka duba bakinsa, na mutanen Sin kewayayye ne kamar tsinken tsintsiya, na Turawa ya yi siffar ƙwai, namu kuwa ya yi faɗi kamar kaba, yana kuma juyawa a hanya. Kowace lanƙwasa wurin rauni ce, kamar wayar da aka yi ta tanƙwarawa a wuri ɗaya. Har ila yau maiƙon da fatar kai ke fitarwa, wanda ke gangarawa cikin sauƙi bisa miƙaƙƙen gashi, ba ya iya bin duk kwanonin nan ya kai ƙarshen namu. Dalilin bushewarsa ke nan, balle in hunturu ya busa daga arewa.

A shekarar 2000 wata likitar fata 'yar Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ita da abokan aikinta suka duba sili fiye da 2,000 na baƙar fata. Suka tarar 10 zuwa 16 cikin 100 sun ƙulle kansu da kansu, alhali a gashin sauran jinsuna ko 1 cikin 100 bai kai ba. Mataji in ya zo kan ƙullin nan, tsinka shi ya ke yi. A 2001 kuma wata masaniya a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta auna tsiron gashin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta ga yana ƙaruwa da wajen milimita 8 a wata, na Turawa kuwa wajen 12. Watau a shekara kan mace ya kan ba ta santimita 9 ko kusan haka. To, wadda ke kukan gashinta ba ya tsawo shekara da shekaru, sai ta tambayi kanta ina santimita 9 ɗin nan ke zuwa. Yana tsiro daga gindi, yana karyewa daga baki.

Kada kuwa wani ya ji wannan ya raina abin da aka halicce shi da shi. A 2023 wata masaniya, Tina Lasisi, da abokan aikinta na Amurka da Ingila suka sa wa wani mutum-mutumi mai auna zafi gashi iri dabam dabam, suka haska masa fitilu a madadin rana. Gashin da ya fi nannaɗewa, irin namu, shi ya fi kare kai daga zafin, domin ya kan tashi ya bar iska tsakaninsa da fata, kamar rumfa.

'Yan matanmu masu duba waya za ku ji suna cewa, "Ni gashina 4C ne." Asalin lambobin nan wani mai gyaran gashi ne a Amurka, Andre Walker, wanda ya yi wa Oprah Winfrey aiki, ya fito da su cikin littafinsa na 1997. Ya kasa gashi kashi huɗu, 1 miƙaƙƙe, 2 mai 'yar lanƙwasa, 3 mai zobe zobe, 4 mai nannaɗewa ƙwarai, kowane kashi da 'yan rassansa. Reshen 4C ma daga baya waɗansu suka ƙara shi. Lambobin suna da amfani wajen sayen mai, amma tsarin mai gyaran gashi ne, kuma kai ɗaya ya kan ɗauki iri biyu ko uku, na ƙeya dabam na tsakiya dabam. Mu nan Zango mun daɗe da cuɗanya, Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Yarbawa duk an yi auratayya, har ka ga 'ya'yan ɗaki ɗaya kowace da irin nata. Abin da uwa za ta lura da shi ya fi lamba, watau kaurin silin 'yarta, da yawansa, da saurin bushewarsa bayan wanka. Mai siririn sili ba ta ɗaukar abin da yayarta mai kauri ke ɗauka. Sa'an nan mu daina yabon mai gashin Fulani a gaban 'yar'uwarta, domin daga nan yarinya ke fara ƙin nata.

Abin da ja ke yi wa saiwa

Zubewar gashi sabo da ja ba ta san jinsi ba. Tun 1907 wani likita ya bayyana ta ga matan ƙasar Girinlan masu tamke gashi tamau a tsakar ka, an kuma gan ta ga mazan Sikh na Indiya masu naɗe gashi ƙarƙashin rawani. Mu dai ta fi samunmu ne don kitso al'adarmu ce ta kullum.

Ga yadda ta ke farawa. Da fari zafi da ciwon kai ran da aka yi kitso. Bayan kwana biyu sai 'yan ƙuraje su fito a gindin layi, wani lokaci da ruwa a ciki. In aka ci gaba, gashin gefen goshi da na saman kunne ya fara sirancewa, galibi a bar wani ɗan layi na gajerun gashi a can gaba, waɗanda suka tsira don hannu bai iya kama su ba. Har zuwa nan akwai gyara, in aka sassauta gashi ya kan dawo cikin 'yan watanni. Amma in aka yi shekaru ana ja, ramin ya kan zama tabo, fata ta yi santsi tana ƙyalli, ko 'yan hudojin ba a gani. Daga nan kuwa sai haƙuri. Hausawa sun ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, ashe kitso ma haka ne, domin gashin wurin ya fi siranta, kuma shi ke ɗaukar nauyin layin duka.

Likita Khumalo da muka ambata ta ƙidaya abin a unguwar Langa ta birnin Keptaun, aka buga a 2007. Cikin 'yan mata 'yan makaranta, 17 cikin 100 sun riga sun kamu. A ajin farko ba su kai 9 cikin 100 ba, amma a ajin ƙarshe na sakandare sun kusa 22. Cikin manyan mata kuwa kusan 32 cikin 100, watau mace ɗaya cikin uku. Da suka bi dalilai, suka ga waɗanda suka fi kowa hatsari su ne masu yin kitso ko ƙarin gashi bisa kan da aka riga aka sa wa man miƙarwa. Wannan ƙidayar ta can ce, amma duk wadda ta taɓa zama ɗakin mata ran suna, sa'ad da zafi ya sa aka ture ɗankwali baya, ta san ba mu kuɓuta ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nauyi ma ja ne. Kalabar ƙarin gashi mai kaiwa gadon baya ko kwankwaso, kowace ɗaya an rataya ta ga 'yan silla kaɗan, su ke ɗauke da ita dare da rana. Haka kuma tamke gashi da roba a wuri ɗaya kullum ƙarƙashin mayafi, da hular ciki mai matsewa, da ƙullin ɗankwali da ke gugar gefen goshi.

Nan Gana muna da wani lokaci na musamman da ya kamata a sa ido. Makarantun gwamnati sun saba sa 'yan mata su rage gashi har su gama sakandare. Ran da yarinya ta aje alƙalamin jarrabawa, sai ta so ta rama shekarun nan duka cikin mako ɗaya, yau man miƙarwa, jibi doguwar kalaba bisa gashin da bai fi ɗan yatsa ba. Haɗin da likitocin can suka ce ya fi kowane ɓarna ke nan.

Man miƙarwa da matajin wuta

Zaruruwan da ke cikin sili an ɗaure su da ƙulli iri biyu. Akwai masu rauni, waɗanda ruwa ko zafi ke kwancewa, in gashi ya bushe su sake ɗaurewa. Shi ya sa kan da aka miƙar da matajin wuta ya kan koma yadda ya ke da zarar ruwan Kumasi ya taɓa shi. Akwai kuma masu ƙarfi, na farar wuta, wadda ita ce ke ba ƙonannen gashi ƙaurin nan da kowa ya sani. Waɗannan su ke riƙe da siffar gashi da ƙarfinsa.

Man miƙarwa, wanda a ke kira rilaksa, aikinsa ya tsinka ƙullin farar wutan nan, kuma ba su sake komawa yadda su ke. Wani baƙar fata na Amurka, Garrett Morgan, shi ya fara cinikinsa, ya kafa kamfani a 1913. Abin da ke cikin mai ƙarfinsa soda ce, irin wadda matanmu ke dafa sabulu da ita. Masana suna da ma'aunin tsami da kanwa daga 0 zuwa 14. Ruwa yana kan 7, fatar kai wajen 5 da rabi, man miƙarwa kuwa 12 zuwa sama. Wanda aka rubuta wa ba soda, da wanda aka zana hoton yarinya a kwalinsa, su ma suna can sama a ma'aunin. Raɗaɗin da a ke ce wa mace ta daure don mai ya ci, ƙuna ce, ɓawon da ke fitowa washegari kuwa na gyambo ne.

Akwai wata magana kuma da ta wuce gashi. A 2022 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fid da sakamakon bin mata fiye da 33,000 wajen shekara 11. Waɗanda ke miƙar da gashi da magani fiye da sau 4 a shekara, ciwon daji na mahaifa ya same su fiye da ninki biyu na waɗanda ba su yi. A lissafinsu, kafin shekara 70 zai sami wajen 4 cikin 100 na masu yawan yi, a maimakon ƙasa da 2. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, masu yinsa kuma sun ce a ƙara bincike, amma ya isa mace mai hankali ta rage.

Matajin ƙarfe da a ke ɗorawa bisa kurfoti, da ƙarfen lantarki na yanzu, ɓarnarsu ɗaya. In aka sa su bisa jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin sili ya kan tafasa ya yi kumfa, sili ya fashe daga ciki.

Ba kowace zubewa ce laifin makitsiya ba

Mai jego ta kan ga gashi yana zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, haka wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Saiwoyi ne da yawa suka tafi hutu lokaci ɗaya, kuma ya kan dawo don kansa. Ƙarancin jini ma yana sa haka, sabo da haka wake da ƙwai da kifi da hanta da zogale da miyar ayoyo sun fi wa gashi amfani bisa kwalabe da yawa na kasuwa.

Makero, wanda ke cin kan yara ya bar fari fari, cuta ce mai yaɗuwa ta mataji da hula da kayan aski. Shafe shafe ba ya kai wa ga saiwarta, sai maganin sha na makonni daga asibiti. Yin kitso bisa makero don a rufe shi ran Salla, kitso da kwarkwata ke nan.

Akwai kuma wadda ke farawa daga tsakar kai tana faɗaɗa, galibi ga mata manya. A 1968 likitocin Amurka sun ɗora laifinta ga matajin wuta, amma daga baya aka gan ta ga waɗanda ba su taɓa shi ba, a 2019 kuma masana, cikinsu har da likita Ncoza Dlova ta Durban, suka gano waɗansu matan gadonta suka yi. Ita ma tabo ta ke bari, don haka wadda ta ji tsakar kanta tana ƙaiƙayi ko zafi, gashin wurin yana raguwa, kada ta jira. Akwai likitocin fata a asibitin Komfo Anokye nan Kumasi, da na Korle Bu a Ankara.

Maza kuma kada su ce ba ruwansu. A ƙidayar Langa, fiye da 10 cikin 100 na maza suna da ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda aski ƙwal da gyaran baki da reza ke tsananta wa. Mai irin wannan ya bar ɗan gashi a ƙeya, kowa kuma ya ga an sa sabuwar reza an goge inji kafin a taɓa kansa ko na ɗansa.

Abin da mu ke roƙo

Na ɗaya, zafi shi ne ma'auni. In yarinya ta ce da zafi, a kwance layin nan take a sake. In an dawo gida ta kasa barci, ko aka ga ƙuraje, a tsefe ko da an biya kuɗi. Na biyu, a bar 'yan gashin goshi da na saman kunne, kada a kama su cikin kitso. Na uku, ƙananan yara a yi musu manyan layi da gashinsu kaɗai, ba ƙari ba man miƙarwa. Na huɗu, kada kitso ya wuce mako 6, na ƙari ya kai 8 in ya daɗe, a bar kai ya huta kafin wani, a kuma riƙa sauya zane, wanda ya tafi baya yau, na gaba ya gangara gefe. Na biyar, wadda ba za ta bar man miƙarwa ba, ta bar wata 2 ko 3 tsakani, a shafa bisa sabon tsiro kaɗai, ta kuma jira mako 2 kafin kitso.

Wajen wanki, sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa, ko da kitso a kai. Sabulun salo yana wanke datti sarai, amma yana da kanwa, a narka shi da ruwa da yawa, a bi da man laushi. Man kwakwa in an shafa kafin wanki yana rage abin da sili ke asara, masana a Indiya sun gwada haka a 2003. Man kaɗanya da 'yan'uwanmu ke kawowa daga Tamale da Wa ba ya ba gashi ruwa, riƙe wanda ke ciki ya ke yi, sabo da haka a fara yayyafa ruwa kana a shafa shi. Kada a taje busasshen gashi. A jiƙa shi, a raba da yatsa, sa'an nan a bi da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. A bari kai ya bushe kafin a rufe shi, da dare kuma a ɗaura ɗankwali mai santsi sakwa sakwa.

Mun san abin da makitsa za su ce, kuma suna da gaskiya. Uwa ce ke cewa a ja da kyau don kitso ya daɗe, domin kuɗi ba su da yawa, in kuwa ya yi saurin tsufa a ce makitsiya ba ta iya ba, a koma wurin wata. Don haka maganan nan ta iyaye ce kafin ta makitsa. Maigida da ke ba da kuɗin kitso ya sani, biyan sassauƙan kitso sau biyu ya fi arha bisa kuɗin asibiti, balle abin da asibiti ma ba ya iya mayarwa. Muna roƙon Magajiya da shugabannin ƙungiyoyin mata su karanta takardan nan a wurin taro don waɗanda ba su karatun boko, su kuma kira makitsan unguwa a zauna a yi shawara, yadda ba wadda za ta rasa ciniki don ta sassauta hannu.

Amaryar da muka ba ku labari ta je asibiti bayan biki. An hana ta kitso mai ja, an ba ta magani, an ce ta dawo bayan wata uku. Likita ya gaya mata gaskiya, inda sauran 'yan silla su ke akwai fata, inda ya riga ya yi santsi kuwa kada ta sa rai. Tana da ƙanne biyu mata a gida, uwarsu ta ce bana manyan layi shida za a yi musu.

Allah ya kai mu Salla lafiya, ya raya mana zuriya, amin.